Rataya makirfo a saman mawaƙan majami'a

Mawaƙa 36 ne, layi uku a kan matakala, a majami'a mai rufin kwano da fankokin sama. Da farko makirfo huɗu na rataya, Shure MX202, a zatona yawansu zai ƙara ƙarfin murya. Sai sautin ya fito a shaƙe kamar daga cikin randa, lasifika kuma na ta kuwwa da zarar an ƙara ƙarfin sauti kaɗan. Dalili biyu ne. Idan murya ɗaya ta shiga makirfo biyu a lokuta mabambanta, wani ɓangaren sautin yana cinye wani. Sannan duk lokacin da ka ninka yawan makirfon da ke buɗe, ka rasa kusan desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) na ƙarfin da za ka iya ɗagawa kafin kuwwa ta taso. Na sauke biyu, muryoyin suka buɗe.

Ga yadda na daidaita biyun da suka rage. Kowanne yana gaban layin farko da kamar santimita 60 zuwa 90, ya kuma haura kan mawaƙan layin baya da kusan haka, bakinsa yana kallon fuskokin 'yan baya. Idan ka nuna shi ga 'yan gaba, su kaɗai za a ji. Nisan makirfo daga mawaƙi mafi kusa ya kai mita ɗaya, don haka na bar mita uku tsakanin makirfon biyu, wato ninki uku, don kada murya ɗaya ta shiga duka biyun da ƙarfi.

Irin wannan makirfo ba ya aiki sai an kunna masa wutar fantom, wato wutar da miksa (na'urar haɗa sauti) ke aika masa ta cikin wayarsa, yawanci volt 48. Na kuma yanke sautuka masu kauri daga 100 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) zuwa ƙasa, domin rurin fanka da gurnanin janareta a nan suke zaune. Fankar da ke saman mawaƙa kuwa kashe ta ya fi, ko da an sa wa makirfo hular soso.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne murɗewar waya. Da zafin rana ya bugi kwano, wayar takan juya a hankali, mako biyu sai ka tarar makirfo na kallon bango. Na bar wayoyin a rataye kwana biyu suka warware, sannan na ɗaure kowanne da siririn zaren fatsa zuwa bango ta baya. Daga ƙasa ba a ganinsa.

Kada ka mayar da sautin waɗannan makirfo cikin lasifikar da ke fuskantar mawaƙa, don kada kuwwa ta taso. Ka ba su piyano kawai da muryar mai jagora, wanda ya kamata ya riƙe nasa makirfo a hannu. Ganga da tulu kuma na matsar da su gefe guda, nesa da bakin makirfo, don in suna kusa sukan danne muryoyin mata gaba ɗaya.