Smith: Yadda Sana'ar Ƙira Ta Zama Sunan Iyali Mafi Yawa a Ingila

Babu sunan iyali da ya kai Smith yawa a Ingila, haka ma a Sikotilan da Amurka da Ostireliya. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 2010 an samu mutum 2,442,977 masu wannan suna, a Ingila kuwa cikin kowane mutum ɗari ba a rasa Smith ɗaya. Mutane da dama suna ɗauka wani babban gida ne da zuri'arsa ta yaɗu. Ba haka ba ne. Sunan ya tsiro ne a dubban ƙauyuka daban-daban, a wurin mutanen da ba su san juna ba, kuma duk wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta ɓata lokaci wajen neman asalinsa.

Ma'anarsa maƙeri. Kalma ce ta tsohon Turanci da ake kiran mai sarrafa ƙarfe da ita. Rubutu mafi daɗewa da aka saba ambata shi ne na wani Ecceard Smith a yankin Durham, a shekarar 975. Sai dai a wancan zamani laƙabi ne kawai na mai sana'ar, ɗansa ba ya gadonsa in bai kama masaba ba. Gadon suna ya shigo ne bayan mutanen Normandy ta ƙasar Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Manyan masu filaye suka fara, don tabbatar da gadon ƙasa, sannan talakawa suka bi sannu a hankali. Haraji da shari'ar gona suka ƙara matsa lamba, domin magatakarda yana buƙatar bambance John ɗin da ya biya da John ɗin da bai biya ba. Takardun harajin kai na 1377 da 1379 da 1381 cike suke da irin waɗannan sunaye, kuma zuwa wajen 1400 yawancin iyalan Ingila sun riga sun tsaya a kan suna ɗaya.

To me ya sa maƙeri ya tsere wa tela da mai gasa burodi da mai niƙa, alhali su ma sun bar Taylor da Baker da Miller?

Na farko, babu ƙauyen da zai zauna ba maƙera. Bakin garma, lauje, gatari, ƙusa, takalmin doki, duk daga hannunsa suke fitowa. Sa'an nan galibi shi kaɗai ne a ƙauyen, don haka da an ce “maƙeri” kowa ya san wanda ake nufi. Manomi ba zai samu wannan ba, tunda kusan kowa manomi ne. Ga shi kuma sana'a ce ta gado: uwar maƙera da zugazugi da awartaki kaya ne masu tsada da ɗa ke karɓa daga uba, sai laƙabin ya zauna a gidan har ya zama suna. Akwai kuma wani dalili da ba a cika lura da shi ba, wanda a ganina yana da nauyi ƙwarai. Wasu sana'o'in sun rabu gida-gida saboda bambancin karin harshe. Mai bugun ulu, alal misali, a kudu da gabashin Ingila Fuller ne, a kudu maso yamma Tucker, a arewa Walker. Sana'a ɗaya, suna uku. Maƙeri kuwa kusan ko'ina Smith ake ce masa, sai ƙididdigarsa ta taru wuri guda.

Kamar yadda a ƙasar Hausa ake raba maƙeran baƙi da maƙeran fari, su ma can sun rarrabe aikin, kuma rassan sun bar sunaye: Goldsmith mai ƙirar zinariya, Brownsmith mai aikin tagulla, Arrowsmith mai ƙera bakin kibiya, Shoosmith mai takalmin doki. Smithson kuma ɗan maƙeri. Smyth da Smythe yawanci bambancin rubutu ne, domin kafin a daidaita rubutun Turanci magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji. Mutum ɗaya yakan fito da Smyth a takardar baftisma, ya fito da Smith a ta aure. A tsofaffin takardun da aka rubuta da Latin ma sau da yawa Faber za ka gani maimakon Smith.

Daga baya sunan ya haɗiye wasu. A Ailan, musamman gundumar Cavan, iyalan Mac Gabhann da yawa sun koma Smith, domin ma'anar ɗaya ce. A Amurka, Jamusawa masu suna Schmidt da 'yan Holan masu Smit sun yi haka, wasu don sauƙin zama, wasu don guje wa tsangwama lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Labarin da ake yaɗawa cewa jami'an tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi masu shiga Amurka a da, su ne suka riƙa sauya musu suna ba shi da tushe: jerin sunayen fasinja tun daga tashar da jirgin ruwa ya taso ake rubuta shi. Baƙaƙen fata da aka bautar kuwa, wasu sun ɗauki sunan iyayengijinsu, wasu sun zaɓi nasu bayan 'yanci. Can a Wales abin ya sha bamban, domin sun daɗe suna kiran mutum da sunan ubansa, shi ya sa Jones ke kan gaba. Mu ma nan sunan ba baƙo ba ne: Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, shi ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970.

Kimiyya ta tabbatar da wannan warwatsuwar asali. Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Leicester sun gwada ƙwayar halittar da ɗa namiji ke gada daga uba, suka wallafa sakamakon a 2009. Masu sunan da ba shi da yawa, irin su Attenborough, mafi yawansu kaka ɗaya suka haɗa. Masu suna Smith kuwa kusan babu abin da ya haɗa su fiye da sauran jama'a. Saboda haka allon da shaguna ke sayarwa da sunan tambarin gidan Smith ba shi da wata daraja. A dokar Ingila mutum ake ba tambari, ba suna ba.

Wanda ke son bin salsalar wani Smith sai ya faro daga na kusa ya yi baya, kada ya tsallake ko da tsara ɗaya. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a Ingila da Wales ta soma ranar 1 ga Yuli 1837. Takardar aure ta fi amfani, domin tana ɗauke da sunan uban ango da na uban amarya da sana'arsu. Takardar haihuwa kuma tana ba da sunan gidan su uwa, kuma sau da yawa wannan ne zai raba maka John Smith biyar da aka haifa a gunduma ɗaya cikin wata uku. Kada ka amince cewa mutum shi ne wanda kake nema sai abu uku sun dace: wuri, sana'a, da sunan mata ko uwa.

Ƙidayar jama'a na da nata tarko. Ta 1841 ta rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa biyar-biyar, mai shekara 29 sai a rubuta 25, kuma ba ta faɗi garin haihuwa ba. Daga 1851 ne aka fara rubuta ainihin wurin haihuwa da dangantaka da maigida. Takardun 1931 sun ƙone a gobara a 1942, ba a kuma yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi, sai a cike gurbin da rajistar 1939. A Amurka, ƙidayar 1870 ce ta fara kawo sunayen mafi yawan bayin da aka 'yanta, ta 1890 kuma gobarar 1921 ta lalata yawancinta.

Kafin 1837 sai littattafan coci, waɗanda Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin a riƙa ajiyewa a 1538, ko da yake na farko-farkon da yawa sun salwanta. Nan ne aka fi yin kuskure, domin limamin coci yakan rubuta sunan jariri da na uba kawai. A kula kuma da kwanan wata: kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, don haka yaron da aka rubuta an yi wa baftisma a Fabrairun 1720, a lissafinmu na yau 1721 ne. Idan littafin coci ya gaza raba Smith biyu, a nemi wasiyya da takardun hayar gona da na koyon sana'a, domin su sukan ambaci 'ya'ya da surukai ɗaya bayan ɗaya.