Idan dodon da ka auna ya ɓace kafin sihiri ya sauka

A wasan katin Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira aka fara sayarwa a 1993, babu katin da ke tayar da musu a teburinmu kamar Lightning Helix. Aikinsa biyu ne: ya yi ɓarna 3 ga abin da ka auna, ya kuma ƙara maka rai 3, wato makin da in ya ƙare maka ka faɗi wasan. Sai ka jefa shi kan dodon abokin karawarka, wato katin halittar da yake yaƙi da ita, shi kuwa ya yi wuf ya sadaukar da dodon ko ya mayar da shi hannunsa, tun sihirin, wato katin da ka jefa, yana kan tuli yana jiran layi, inda katin da aka jefa ke jira kafin ya sauka ya yi aikinsa. Nan take za ka ji mai katin yana cewa, "To ai ko ba komai na samu rai ukun nan." Ina! Bai samu ba.

Doka ta 608.2b a kundin dokokin wasan ce ke raba gardamar. Sau biyu ake duba abin da aka auna: lokacin jefa katin, da lokacin da zai sauka. Idan a dubawa ta biyu duk abin da aka auna ya kuɓuce, sihirin gaba ɗayansa ya tashi a banza, sai makabarta, inda ake jefar da katunan da suka gama aiki. Katunan ƙasa, waɗanda ake karkatawa a biya farashin sihiri, da ka karkata don biyansa ma ba a miƙe maka su. Kuɓucewar kuwa ba sai dodo ya mutu ba. In ya samu kariyar da ke hana abokin gaba auna shi, ya tsira. In ya fita fili ya dawo nan take, doka na ɗaukarsa sabon dodo, ko da katin nan ne dai a gabanka. Amma dodon da ba a iya hallakawa yana nan a matsayin abin auna, don haka Helix zai sauka a kansa ka samu rai ukun nan.

Wasu na ganin dokar ta yi tsauri. Ni dai ina sonta, don ita ke sa mai kare kansa ya ci ribar saurin hannunsa.

Inda ta fi daɗi shi ne katin da ke auna abu fiye da ɗaya. Electrolyze na raba ɓarna 2 tsakanin abu ɗaya ko biyu, sannan ka ja kati. Ka zuba duka kan dodo ɗaya, ya ɓace, ka rasa ɓarnar ka rasa jan katin. Ka raba ɗaya-ɗaya, guda ya ɓace, sihirin zai sauka kan wanda ya rage kuma ka ja katinka. Sai dai ɓarnar da aka ware wa wanda ya tsere ba ta komawa kan ɗan'uwansa, don tun lokacin jefawa aka yanke rabon. Shi ya sa in dodon mai jure ɓarna 1 kacal ne, kuma na ga abokin karawata ya bar katunan ƙasa a tsaye yana murmushi, ɗaya nake ba dodon, ɗayar in auna shi kansa mai wasan.