Tiredin fulogi na je gyarawa, ringi na karya

Laifina ne tun farko, ba zan ɗora wa kowa ba. Injin yankan itacena na da zafi na kwance fulogi in duba, da zan mayar sai na sa sifana kai tsaye, ban fara ɗaura shi da yatsu ba. Ya ɗan cije, na ce datti ne, na ƙara ƙarfi. Sai na ji ya saki, yana ta juyawa ba ya kamawa. Da na zaro shi, ga alminiyam siriri a naɗe a jikinsa kamar gashi: tiredin ramin fulogin, wato zanen da yake bi in ana ɗaura shi, ya cinye. Fulogi ƙarfe ne, silinda kuwa alminiyam, in suka yi kokawa an san wanda zai sha ƙasa.

Wasu sun ce in shafa giris a jikin abin yanka tiredi, in yi aikin injin yana haɗe, giris ɗin zai kama ɓarɓashin. Ban yarda ba. Cikin silinda akwai wani siririn shafe mai tauri, ɓarɓashi ɗaya ya maƙale tsakaninsa da fistin ya isa ya karce shi. Kuma kan silindar irin waɗannan injuna ba ya rabuwa da jikinta, dole a cire ta gaba ɗaya. Na sauke sarƙa, murfi, salansa da kafireta, na kwance kusoshi huɗun da ke riƙe da ita, ta fito lafiya lau. Na cusa tsumma a ƙarƙashin fistin kada wani abu ya faɗa ciki.

Gyaran da nake ta fargaba bai ci mini minti 30 ba. Fulogin nawa mai milimita 14 ne, na faɗaɗa ramin, na yanka sabon tiredi a hankali, ina juyawa gaba kaɗan in dawo baya, na ɗaura wata 'yar rigar ƙarfe mai tiredi a ciki, wadda fulogin zai riƙa zama a cikinta. Abin lura kawai tsawonta. Fulogin waɗannan injuna gajere ne, in ta leƙo cikin ɗakin wuta za ta yi jajir da zafi, ko fistin ya doke ta. Na wanke silindar tas, ina jin kaina kamar wani babban makanike.

Wajen mayarwa ne na kwafsa.

A injin da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, akwai wani ɗan tsinken ƙarfe a cikin kwarmin da ringi, wato zoben da ke zagaye da fistin, yake zama, bai fi kan allura ba. Aikinsa ya hana ringi juyawa, don kada bakinsa ya faɗa ƙofar hayaƙi. Dole bakin ringin biyu su haɗu daidai a kansa kafin ya matse. Na san da wannan, wallahi na sani. Amma na matse ringin da yatsu ban duba ba, ashe ya hau kan tsinken. Silinda ta ƙi zama. Maimakon in tsaya, sai na danna da tafin hannu, na ji ƙas! Ringi ya rabe biyu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kuskuren fulogin ne na sake maimaitawa, a rana ɗaya, a inji ɗaya. Abu ya cije na danna. Na daɗe zaune ina kallon guntayen a hannuna. Allah ya taimake ni bai karce cikin silindar ba, na haska da tocila na bi da farce ban ji komai ba.

Kwana 9 na yi ina jiran sabon ringi da gasket, itacen da zan yanka yana jibge yana kallona. Da suka iso na ɗiga alama da maka a saman fistin daidai inda tsinken yake, na shafa baƙin mai, na matse ringin da abin matsewa na roba. Silinda ta zame da kanta, ko turawa ban yi ba. Ja na huɗu injin ya tashi.

Rabin tsohon ringin yana nan cikin akwatin sifanuna, a gurbin da nake ajiye sifanar fulogi. Har yau in na gan shi sai na yi tsaki.