Wayoyi bakwai a ƙirjin Baba

Yau mako 8 ke nan da yi wa mahaifina tiyatar zuciya, kuma sai jiya na ga hoton ƙirjinsa. Likitan ya bayyana mini cewa da zarto na musamman aka raba ƙashin ƙirjin gida biyu, daga sama zuwa ƙasa, daidai tsakiya, domin idan yankan ya karkace, ɓangaren da ya sirance ba ya riƙe ɗauri sosai. Daga nan aka haɗe ƙashin da wayoyi bakwai na ƙarfen da ba ya tsatsa, waɗanda za su zauna a jikinsa. Tari ne ya fi wahalar da Baba, don sai ya rungume matashi a ƙirji kafin ya yi shi, kuma har yanzu an hana shi ɗaukar kaya mai nauyi.