Abin da karyewar kamfanonin wuta a Birtaniya ta koya mini

Na yi shekaru ina aiki a wani ofishin ba da shawara ga jama'a a arewacin Ingila, inda mutane ke zuwa da takardun bashi da na haya da na kuɗin wuta domin a duba musu. Kafin kakar shekarar 2021, idan mutum ya ajiye mini takardar kuɗin lantarki da iskar gas yana kukan tsada, amsata ɗaya ce, wato ya sauya sheƙa. A ƙasar nan, saɓanin yadda muka saba a gida inda kamfanin da ke yankinka shi ne naka ko kana so ko ba ka so, magidanci ne ke zaɓar wanda zai sayar masa da wuta, kuma a lokacin kamfanoni sun kai gommai suna gasar rage farashi. Sai in buɗe kwamfuta, in jera farashinsu, in nuna wa mutum wanda ya fi araha, mu cike takarda, ya tafi yana godiya. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ta yaya ƙaramin kamfani yake iya sayarwa ƙasa da manya ba.

Amsar ta zo a watan Satumba na 2021. Farashin iskar gas a kasuwar sari ya yi tashin gwauron zabo, saboda masana'antu sun dawo aiki bayan kullen korona, hunturun da ya gabata ya cinye abin da Turai ta tara a rumbunanta, ƙasashen Asiya kuma suna rububin gas ɗin da ake daukowa a jiragen ruwa. Ita Birtaniya a lokacin ba ta da wurin ajiya mai yawa, domin tun 2017 aka rufe babban rumbunta na Rough da ke cikin teku. Kamfanin da ya san abin da yake yi yakan sayi gas da lantarkin da zai sayar tun watanni kafin lokaci, a kan farashin da aka daddale. Da yawa daga cikin ƙananan ba su yi haka ba, suna saye ne yau su sayar yau, suna kuma juya rarar kuɗin da abokan cinikinsu suka tara da bazara a matsayin jari. Da kasuwa ta juya, sai suka tarar suna saye da tsada, doka kuma ta hana su ƙara wa jama'a fiye da iyakar farashin da Ofgem, hukumar da ke kula da kasuwar lantarki da gas, ta gindaya tun watan Janairun 2019. Kamfanin Avro Energy ya faɗi da abokan ciniki wajen dubu 580, kamfanin Bulb mai fiye da miliyan ɗaya da rabi ya koma hannun kulawa ta musamman da kuɗin gwamnati a watan Nuwamba, kuma daga Yulin 2021 zuwa Mayun 2022 kamfanoni 29 ne suka karye, abin da ya shafi gidaje kusan miliyan huɗu.

Cikin waɗannan gidaje akwai waɗanda ni da hannuna na kai su. Ba zan manta da wata dattijuwa 'yar ƙasarmu ba, wadda ke zaune da jikokinta, da ta shigo da wasiƙa a hannu tana tambaya ta ko ta sayi kyandir da risho, tunda ta ji kamfaninta ya rushe. Na ce mata, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba za a ɗauke wuta ba." Na yi mata bayani cewa masu waya da bututu daban, mai sayarwa daban, kuma idan mai sayarwa ya faɗi Ofgem ce ke miƙa abokan cinikinsa ga wani kamfani, rarar kuɗin da mutum ke da ita ma ba ta salwanta. Duk wannan gaskiya ne, ta kuma samu natsuwa. Amma da ta ce, "To ɗana, farashin da ka samo mini fa, yana nan?" sai na rasa bakin magana, domin yarjejeniyar ta mutu tare da kamfanin, kuma sabon zai ɗora ta ne a kan farashin gama-gari wanda ya fi wancan nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na daɗe ina tallata ta ba tare da na leƙa abin da ke bayanta ba.

Abin da ya fi yi mini wuya a watannin da suka biyo baya shi ne juya harshena. Mutumin da na shekara ina ce wa kada ya zauna a kan farashin gama-gari, yanzu shi nake roƙo ya zauna a kansa, domin duk wata yarjejeniyar tsayayyen farashi da ta rage a kasuwa ta fi iyakar Ofgem tsada. Wasu sun ɗauka na ruɗe, kuma ban ga laifinsu ba. A nan na gane cewa abin da na riƙe a matsayin ƙa'ida ba ƙa'ida ba ce, hali ne na kasuwa a wani zamani, kuma ya kamata tun farko in riƙa gaya wa mutane dalilin shawara tare da ita, yadda idan dalilin ya gushe za su gane da kansu. Wanda kamfaninsa ya faɗi kuwa, aikinsa kaɗan ne: ya ɗauki hoton mita a ranar, ya adana takardunsa na ƙarshe, kada ya yi gaggawar ƙaura kafin sabon kamfani ya tuntuɓe shi, domin a cikin gaggawar ne lissafin rarar kuɗi ke rikicewa.

Ita kanta kalmar iyaka ta yaudari mutane da yawa, kuma na ga illar hakan da idona. A watan Afrilun 2022 iyakar ta tashi daga fam 1,277 zuwa fam 1,971 a shekara, ƙarin kashi 54 cikin 100, sannan bayan mamayar da Rasha ta yi wa Yukiren aka sanar cewa ta watan Oktoba za ta kai fam 3,549, kafin gwamnatin Liz Truss ta shigo da tallafin da ya tsayar da ita a fam 2,500. Jama'a suka ji waɗannan alƙaluma a rediyo suka ɗauka ba wanda zai biya fiye da haka. Alhali abin da aka ƙayyade shi ne kuɗin kowane kilowat da kuma kuɗin da ake caza kullum ko an kunna wuta ko ba a kunna ba, alƙaluman kuwa lissafi ne na matsakaicin gida mai shan kilowat 2,900 na lantarki da 12,000 na gas a shekara. Iyali mai yara biyar a tsohon gida mai shigar da iska ta kowace kafa zai wuce wannan da nisa. Tun daga lokacin na daina karanta wa mutane alƙaluman labarai, sai dai in ce su kawo mini takardun shekara guda mu lissafa nasu.

Akwai kuma abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. Hukumar binciken kuɗin gwamnati ta ƙiyasta cewa kwashe abokan cinikin kamfanonin da suka faɗi ya ci fam biliyan 2.7, ban da na Bulb, kimanin fam 94 a kan kowane gida, kuma a cikin takardun kuɗin wuta na kowa aka raba shi. Ma'ana, tsohon da bai taɓa sauya kamfani ba, wanda ba ya ma amfani da intanet, shi ma ya biya kuɗin cacar da wasu suka yi. A ganina sakacin na masu ba da lasisi ne, da suka bari aka shiga wannan kasuwa da jari kaɗan, amma mu masu tura jama'a wurin mafi araha mun taimaka wajen kumbura waɗannan kamfanoni.

Masu mita mai kati su ne suka fi shan wahala a hunturun 2022, domin su ba a aiko musu da takardar bashi, idan kuɗi ya ƙare wuta ce ke mutuwa nan take. Tallafin fam 400 da gwamnati ta raba cikin wata shida ya shiga asusun sauran mutane kai tsaye, amma masu tsohuwar mita takardar shaida aka riƙa aiko musu wadda sai sun kai shago an loda, kuma na samu gidaje da dama da suka jefar da ita suna zaton talla ce. Wani dattijo ya zo mini sanye da riguna uku, ya ce ba ya son ya dame mu, yana so ne kawai a duba ko mitarsa ta lalace. Mitar lafiyarta ƙalau. Na roƙe shi ya koma gida ya kwaso duk wata ambulan da bai buɗe ba, kuma washegari muka zauna muka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, muka samu takardun shaida uku waɗanda wa'adinsu bai ƙare ba.