Tambayar da Malam ya rubuta min da jan biro

Muna aji biyu aka ba mu aikin gida a kwas ɗin tarihin tsofaffin dauloli, wai mu yi bayanin yadda addinin Kirista ya yaɗu a daular Rumawa. Ni dai na raina abun gaskiya, sai daren da za a miƙa na zauna da handawut na cika shafi uku. Duk abin da na ce shi ne sarki Kwanstantin ya ci yaƙi a gadar Milbiyan a shekarar 312, a 313 shi da takwaransa sarki Lisiniyus suka amince a Milan a ƙyale Kiristoci su yi addininsu, sarki ya karɓa talakawa suka bi, shikenan. Har ina jin na yi ƙoƙari.

Bayan sati biyu takardu suka dawo, tawa babu maki, sai layi ɗaya da jan biro a ƙasa: "Su wa Kwanstantin ɗin ya tarar?" Na bi shi ofis na ce Malam ban gane ba. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Kai, kusan shekara 300 ka tsallake kamar kwata. Je ka nemo wasiƙar Pilini ka karanta, sannan ka dawo mu yi magana."

Toh wannan wasiƙar ce ta kwance min kai. Pilini gwamna ne a Bitiniya, arewacin Turkiyya ta yanzu, wajen shekarar 112 ya rubuta wa sarki Tirajan yana neman shawara don an cika kawo masa ƙarar Kiristoci kuma bai san yadda ake shari'arsu ba. Ya ce sau uku yake tambayar mutum ko shi Kirista ne, in ya kafe sai a kashe shi, in ya musa sai a kawo gunki da hoton sarki ya ƙona turare ya zuba giya ya zagi Almasihu. Da ya bincika me suke yi, har da azabtar da wasu bayi mata biyu, abin da ya samu kawai shi ne suna haɗuwa kafin gari ya waye a wata rana ta musamman, su yi waƙar yabo, su yi rantsuwa ba sata ba zina ba cin amanar ajiya, anjima su sake haɗuwa su ci abinci tare. Inda na fi tsayawa shi ne da ya ce abun ya wuce birane ya shiga ƙauyuka, gidajen gumaka sun kusa zama kufai, har naman yankan gumaka ya rasa masu saye. Wato shekara 200 cif kafin Kwanstantin ɗina kasuwar nama ma ta ji a jikinta. Tirajan ya ce kar a bi su farauta, kuma kar a karɓi ƙarar da ba sunan mai ita.

Daga nan sauran suka riƙa faɗowa da sauƙi, hanyoyin da Rumawa suka shimfiɗa, jiragen ruwa na fatake, harshen Girkanci da ake ji daga Iskandariyya har Roma, irin yadda Bulus, mai wa'azin Kiristancin farko, yake sauka gari ya fara da majami'ar Yahudawa, in ya wuce ya aiko da wasiƙa. Wata 'yar ajinmu Kirista ce ta ce min a Antakiya aka fara kiransu da sunan Kirista, ta nuna min wurin a littafinsu, ni da nake ganin na fi ta ƙoƙari a kwas ɗin.

Sai batun taimako. A 251 cocin birnin Roma kaɗai yana ɗauke da nauyin matan da mazansu suka rasu da mabuƙata sama da 1,500, kuma lokacin annobar da ta ɓarke wajen shekarar 250 an rubuta cewa suna jinyar marasa lafiya suna binne gawa alhali wasu na gudun 'yan uwansu. Da na kai wa Malam wannan da zumuɗi sai ya ce, "Wa ya rubuta?" Na ce bishof ɗinsu. Ya ce, "To mai kaya ne yake yabon kayansa, nemo min shaidar maƙiyi." Kwana biyu ina laburare kafin na samu sarki Juliyan, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363 ya so dawo da bautar gumaka, yana ƙorafi a wasiƙa cewa waɗannan mutanen suna ciyar da talakawansu har da namu. Wallahi ranar ji na yi kamar na tsinci kuɗi.

Akwai kuma sarki Desiyus da ya ce a 250 kowa sai ya yi yanka ga gumaka a ba shi takardar shaida, an ma tono irin takardun sama da 40 a Masar da sa hannun shaidu, sai ka ce rasit. Da hutu ina ba Baba labari sai ya ce ai wannan shi ne Dakyanusu da wasu malaman tafsiri suke ambata a ƙissar As'habul Kahfi, tun ina yaro nake jin sunan a tafsirin azumi ban taɓa kawo cewa sarkin Rumawa ne mai shekarar mulki a littafin tarihi ba.

Na sake rubuta aikin ya kai shafi tara, Kwanstantin bai fito ba sai a shafi na takwas. Malam ya ba ni 13 cikin 20, ya cire min biyu saboda na makara.