Abin da aikin titi ya koya min a Kumasi

Shekara uku na yi ina kula da wani aikin titi da ya ratsa Zango a Kumasi, kuɗin wani bankin raya ƙasa ne daga waje, kuma wallahi zuba kwalta shi ne abu mafi sauƙi a ciki. Da na shiga na ɗauka ciwon kaina siminti ne da tsakuwa da ɗan kwangila. Ashe diyya ce.

Masu ba da kuɗin suna da ƙa'ida, ko rumfa ba za ka taɓa ba sai an biya mai ita, kuma ni ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Amma a namu aikin dalarsu ta gini ce kawai, diyya gwamnati ce za ta biya da sidi, kuɗin Ghana, toh sai ka ga kuɗin titi yana nan ajiye, katafila tana fake ciyawa na fitowa ƙarƙashinta, ɗan kwangila kuma kullum yana rubuta mana kuɗin zaman jira.

Akwai wata Hajiya mai koko da ƙosai, mun shafa wa rumfarta jan fenti aka yi mata kima, sai biya ya makale. Kafin kuɗin ya fito 2022 ta zo sidi ya faɗi warwas, a Disamba hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin ɗari. Ran nan ta tare ni da ludayi a hannu ta ce, "Injiniya ɗana, abin da kuka rubuta min ko kwanon rufi ba zai saya ba yanzu." Na ce Hajiya ki yi haƙuri, gaskiyarki ce. Sai da muka yi ta rubuce-rubuce kafin aka sake kimar, har yau abin yana damuna.

Bututun ruwa da turakun wuta ma sun ci mana lokaci, wani bututun babu shi a taswira sai da katafila ta fasa shi unguwa ta kwana ba ruwa.

Yanzu kafin in auna ko mita ɗaya sai na je gaban Sarkin Zango da liman, an yi sanarwa bayan sallar Juma'a, mata ma a zauna da su daban don su ne ke sana'a bakin titi. A irin wannan zaman ne wata tsohuwa ta nuna mana inda ruwa ke kwanciya duk damina, muka matsar da kwalbati zuwa wurin.